Corolla 2006 tana karkarwa a sulo, an ce in wanke totur bodi

Dan_Kurna:
Slm 'yan uwa, dan Allah masu sanin mota ku taimaka min. Corolla ce 2006 otomatik, kwana biyun nan in na tsaya a danja sai allurar rpm ta sauko wajen 500 motar ta kama karkarwa har sitiyari, in kuma esi a kunne yake wani lokacin mutuwa take gaba ɗaya sai na maida giya P na sake tayarwa mutane na ta danna min hon a baya. Amma da zarar na taka totur lafiya lau take tafiya, cek injin ma bai kawo ba. Na kai gareji an canza fulogi an wanke nozul, kuɗi sun tafi matsala tana nan. Yanzu wani abokina ya ce totur bodi ne ya yi datti. Zan iya wankewa da kaina a gida? Kuma fetur zai yi ko sai na sayi wani abu? Tsoro nake kar garin neman gira in rasa ido.

Oga_Rewaya:
Wslm. Abokinka da alama ya fi mai garejin naka gaskiya. Ka buɗe bonet ka bi babban tiyon nan baƙi da ya fito daga akwatin iya kilina, inda ya ƙare a jikin inji nan ne totur bodi. A ciki akwai wani faifan ƙarfe da muke cewa bataflai, shi ke buɗewa iska ta shiga in ka taka totur. To lokacin da mota take sulo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, ɗan siririn wuri ne kawai ya rage a gefen faifan da iska ke bi, tururin baƙin mai da ke dawowa daga inji ta tiyon PCV ya haɗu da ƙurar garin nan sai su daskare daidai wurin, iska ta ragu, inji ya fara shaƙewa. Shi ya sa a kan gudu ba ka jin komai, sai ka tsaya.

Za ka iya da kanka. Ka sayi gwangwanin feshi na wankin totur bodi, akwai a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare da tsohon buroshin haƙori. Inji ya huce, ka zare makulli ka cire kan batir na negatif, ka sassauta kilif ɗin tiyon ka zare shi. Da ka leƙa za ka ga baƙin zobe ya zagaye bakin faifan, in ka shafa da yatsa har danƙo yake. A jikin tsumma za ka fesa maganin ka goge, ba wai ka yi ta ambaliya a ciki ba, don taka 2006 ce ba ta da kebul ɗin totur, wani ɗan ƙaramin injin lantarki ne mai sansa a gefe yake juya faifan, in ruwan maganin ya bi ta shaf ya shiga can ka jawo wa kanka aiki. Faifan kuma a hankali za ka tura shi ka goge bayansa, kar ka sake shi ya koma da ƙarfi, akwai haƙoran giya na roba a ciki. Kuma kar ka kuskura ka sa yatsa a ciki makulli na kunne.

In kana so ya fita tas sai an kwance shi daga jikin manifol, amma akwai ƙananan tiyo biyu na ruwan lagireto da suka ratsa ta jikinsa, kuma ka tanadi sabon gasket. A karon farko ni dai ka wanke shi a inda yake.

Baban_Ummi:
Ni fa fetur da buroshi nake wanke na Corolla ta 2003 tun da na saye ta kuma ban taɓa ganin matsala ba, wannan gwangwanin duk cin kuɗi ne.

Oga_Rewaya:
Alhaji taka mai kebul ce, ba ɗaya suke ba. Taka ma sulo ɗinta wani bawul ne daban yake riƙe da shi a jikin totur bodin, IAC, shi ya fi yin datti. Fetur kuma ba ya narkar da kabon ɗin da ya riga ya ƙone ya kama, ga haɗarin wuta a kan inji.

Zazzau_Motors01:
Ƙari a kan bayanin oga, akwai sansar iska MAF kusa da iya kilina, kar ka fesa mata wannan maganin ko ka taɓa siririyar wayar cikinta, nata maganin daban ne. Ka duba filtar iska ma, da hunturun nan ba ta daɗewa, in yaran gareji sun yi ta busa ta da iska har ta huje to wankin banza za ka yi. Sannan masu Nissan ku yi hattara, irin su Altima da Murano in an wanke musu sau da yawa sulo hawa yake ya ƙi sauka sai an yi musu saitin koyon sulo, da kwamfuta ko da wani lissafin taka totur da ƙirga sakan, wanda in ka kuskure ko kaɗan sai ka sake daga farko.

Dan_Kurna:
Ngd sosai, na wanke ɗazu da safe, tsumman wlh kamar na goge gindin tukunya. Da ƙyar ta tashi da farko ta ɗan yi hayaƙi, karkarwar ta tafi amma yanzu allura tana zama wajen 1200 ko inji ya yi zafi, in na sa D har fizga take. Wani yaro a layinmu ya ce ya zo ya rage min ta wani ɗan noti a gefe, in bar shi?

Oga_Rewaya:
A'a kar ya taɓa, daga kamfani aka saita wannan notin, in ya motsa shi da wuya ya koma daidai. Birenbos ɗin ne, wato kwamfutar motar, ya saba buɗe faifan da yawa saboda dattin, yanzu hanya ta buɗe shi kuma bai gama ganewa ba. Ka bari inji ya yi zafi har fanka ta tashi, ka kashe esi da fitilu da rediyo ka bar ta a P kamar minti goma ba tare da ka taɓa totur ba, ka sake barinta kaɗan a D ƙafarka a kan birki, sannan ka ci gaba da hawa yadda ka saba, za ka ga tana sauka zuwa wajen 700. Ka kuma tabbatar ka ɗaure kilif ɗin tiyon da kyau kuma ba ka manta wani ƙaramin tiyo a cire ba. In bayan kwana biyu uku bai sauka ba ka je a sa mata kwamfuta, in ta nuna lambar matsala P0507 ko P0171 to iska ce take sata ta wani wuri, kuma a Corolla ɗin nan gasket ɗin manifol ake fara dubawa.