Karatu, aiki da kiɗa sun haɗe mini, wanne zan sauke?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji biyu a jami'a, ina karanta kemistri. Daga takwas na safe zuwa huɗu ina tsakanin lakca da ɗakin gwaje-gwaje. Biyar zuwa tara ina wani ɗan aiki na shigar da bayanai a kwamfuta, da shi nake biyan kuɗin ɗaki da data. In na dawo sai in buɗe laftof in hau haɗa kiɗa, wanda shi ne kaɗai abin da nake yi don kaina. Kafin in ankara biyun dare ta yi. Karatu kuwa sai ƙarshen mako, shi ma da iyafis a kunne. Sakamakon semestar da ta wuce ya fito, na faɗi kwas biyu, har yanzu ban iya faɗa a gida ba. Abokina ya ce in goge manhajar kiɗan gaba ɗaya. Zuciyata ta ƙi. Me kuka gani?

Wani da ya gama bara:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, abokinka ya gaya maka gaskiya. Taura biyu ba ta taunuwa, kai kuma uku ka cusa a baki. Kiɗa ba zai gudu ba, kwas ɗin da ka faɗi kuwa zai biyo ka aji uku ya zauna maka a kan sababbi. Ajiye shi sai ka karɓi takardarka.

Wata 'yar ajin ƙarshe:
Ni ban yarda ba, Yaya, ka yi haƙuri. Ku sake duba lissafin da ya kawo. Mutum ya kwanta biyun dare, ya tashi da sassafe, barcin awa huɗu ko biyar ke nan, alhali baligi yana bukatar awa bakwai zuwa tara. Kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Wato lakcar takwas ɗin nan jikinka ne kawai a aji. Ko ka goge manhajar yau, in ka maye gurbinta da latsa waya har biyun dare, sakamakon ɗaya ne.

Na yi irin taka, ni zane ne nawa ba kiɗa ba. Da na daina gaba ɗaya sai na koma kamar wadda aka yi wa rasuwa, littafin ma na tsane shi, wata guda na koma a ɓoye kamar ɓarauniya. Abin da ya yi mini aiki shi ne na ba shi ranarsa. Kai ma ka ware yamma ɗaya ko biyu a mako, ka yi kiɗanka da zuciya ɗaya ba tare da jin kana laifi ba. Sauran ranakun sha ɗaya ta yi maka a kan gado, laftof a rufe cikin jaka.

Wani malami:
Ɗana, inda na fi tsayawa shi ne "karatu sai ƙarshen mako". Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a awannin farko bayan an koyi abu, daga nan take raguwa a hankali. Lakcar Litinin da ka bari sai Asabar, ba bita kake yi ba, sabon koyo kake yi. Bitar minti ashirin a ranar da aka koyar za ta rage maka wahalar sake koyo bayan kwana biyar. Tsakanin lakca da lakca ai akwai gibi, a nan za ka samu minti ashirin ɗin.

Sannan ka daina maimaita karanta nots har ka ji kamar ka iya. Rufe littafin, ɗauki farar takarda, rubuta abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi tuntuɓe. Kemistri da biro ake karanta shi, ka nemi tsofaffin tambayoyin jarrabawa ka yi ta warwarewa.

Batun iyafis: waƙa mai baiti tana gogayya da kalmomin da kake karantawa, don duk hanya ɗaya suke bi a kai. Kai naka ma ya fi tsanani, tunda mai haɗa kiɗa ba ya jin kiɗa kawai, kunnensa ƙirga ganga yake yi. Ka gwada shiru na mako biyu.

Wani ɗan uwa:
Ƙari kan maganar Malam, ka tausaya wa kunnen nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sautin da ya kai desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) iyakar sauraronsa awa 40 a mako, in ya ƙaru lokacin yana raguwa sosai. In kana jin ƙara a kunne bayan ka cire, ka rage.

Wata uwa:
Duk kun yi ta kan kiɗa, ba wanda ya taɓa aikin. Awa huɗu kullum, kwana biyar, awa 20 ke nan a mako. Ɗana, ka sami mai gidan aikinka tun kafin jadawalin jarrabawa ya fito, ka roƙi a rage maka kwana ɗaya ko a mayar da shi Asabar. Wanda ya nema da wuri ana jin sa fiye da wanda ya ɓace ba sanarwa. Kuma ka faɗa a gida. Za su yi faɗa, amma gara su ji daga bakinka yanzu da su ji an ƙara maka shekara. Wataƙila ma wani ya ɗauke maka kuɗin ɗakin na semesta ɗaya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, ka kama ni, wallahi ina karatu ƙafata na bin kiɗa. Na ware yammacin Lahadi, gobe kuma zan yi wa mai gidan aiki magana. Na gida ne dai, Umma, har yanzu ban san ta inda zan fara ba.

Wata uwa:
Fara da mahaifiyarka, kuma ka tafi da jadawalin da ka tsara a hannu. Kada ka kira a waya.