Taurin fatar ƙeya ga mai ciwon suga: ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa likitoci. Shawara nake nema kan wani magidanci mai ƙiba, ya daɗe da ciwon suga nau'i na 2, yana kan allurar insulin. Fatar ƙeyarsa, kafaɗu da gadon baya ta yi tauri kamar katako. Ka danna ba ta loɓawa, ba ta mintsinuwa, samanta ya koma kamar ɓawon lemo. Ko waiwaye da ƙyar yake yi.

Yatsunsa ƙalau suke, shi ya sa na cire scleroderma, ciwon taurin fata da kan kama yatsu. Gutsuren fatar da aka duba ya nuna kolajin (zaren furotin da ke riƙe fata) ya yi kauri, musin (wani abu mai yauƙi) ya taru a tsakani, wato scleredema ne, taurin fatar da kan biyo ciwon suga. Gwajin furotin na jini bai nuna paraprotein ba, wato baƙon furotin da kan zo da wasu cututtukan jini.

HbA1c (gwajin matsakaicin suga na kusan wata uku) ya sauka daga 11 zuwa 8, wata shida ana motsa masa gaɓoɓi, fatar ko gezau, domin sugan ya riga ya ɗaure zaren kolajin. Prednisolone (maganin kumburi) ba zan taɓa ba, zai dagula sugan. Na'urar hasken UVA1 ba mu da ita, IVIG kuwa (furotin na garkuwar jiki da ake ƙarawa ta jijiya), giram 2 kan kowane kilo na nauyin jiki duk wata, ya fi ƙarfin aljihunsa.

Don Allah wa ya gwada PUVA (maganin psoralen haɗe da hasken UVA) a irin wannan? Zama nawa kafin fatar ta fara laushi? Ko in tura shi a haska wurin da ilektron?