Jatan landena suna mutuwa wajen saɓa, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Kofar Kaura nake cikin Katsina. Wata huɗu ke nan da na sa ƙananan jatan lande jajaye, irin Neocaridina da asalinsu daga Taiwan ne, a tankin gilashi mai lita 30, da gansakukar Java da 'yan tsirrai. Na fara da 20, har wasu mata sun ɗauki ƙwai. Yanzu saura 9.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda suke mutuwa. Sai in ga farin zobe ya kewaye jikinsu daidai bayan kai, ɓawon ya tsage amma ya ƙi fita, kafin gari ya waye sun kwanta. Kusan kullum kwana ɗaya ko biyu bayan na canza ruwa ne. Ruwan burtsatse nake sawa, ina ɗebe kashi ɗaya cikin uku duk mako. Na san suna buƙatar sinadarin kalsiyam don ɓawo ya yi ƙwari, to ko namu ya yi yawa ne, ko canjin ne ke zuwa musu farat ɗaya? In gauraya da ruwan leda?

Ga zafi kuma. Tunda Afrilu ya kama, ma'auni na nuna digiri 31 da rana, su kuwa sun fi son 22 zuwa 26. In aka ɗauke wuta famfon iska ya tsaya. Na daina fesa maganin sauro a ɗakin gaba ɗaya, don na san guba ne gare su.

Don Allah wanda ya riƙe su a zafin Arewa, yaya kuke sanyaya ruwan?