Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni: wa ake nufi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Gwaggona, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara 4, ta ƙi zuwa karɓar kuɗinta a shirin tallafin da gwamnatin tarayya ta fara a 2016, saboda wata maƙwabciya ta jefe ta da wannan karin magana a bakin rijiya. Malamai, a nan ne muhallinsa?

Wani dattijo manomi: Ɗana, maganar gaskiya ce ko da ta yi ɗaci. Mai jiran a gama sara a miƙo masa gatari, ranarsa a hannun wani take. Hadisi ma ya nuna cewa mutum ya ɗauki igiya ya yi itace ya sayar ya fi masa roƙon mutane.

Wata malamar Islamiyya: Baba, Allah ya ƙara girma, amma karin maganar da mai gatari yake magana, ko da guntu ne. Wadda ba ta da gona, ba ta da jari, kuma rashin lafiya ya cinye awakinta, wane gatari za ta riƙe? Hadisin da ka kawo a kan roƙo yake, ita kuwa ba ta roƙi kowa ba, jama'ar garin ne suka sa sunanta a rajista. Annabi (SAW) ya umarci Sayyidina Umar ya karɓi abin da ya zo masa ba tare da roƙo ko kwaɗayi ba. Ba mu taɓa goranta wa mai karɓar zakkar hatsi ba, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa ta zama haƙƙinsa, kuma wani ɓangare na kuɗin da aka raba a baya a wannan shiri dukiyar ƙasa ce da aka dawo da ita daga Suwizalan.

Dattijon: Malama, na karɓi gyara a kan marar gatari. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake tara mata a ƙofar dagaci da rana tsaka ana kiran suna, har gobe a ce wa mai neman auren 'yarsu gidan 'yan tallafi zai shiga.

Mai tambaya: Wannan ne ainihin tsoron Gwaggo, domin babbar 'yarta ta isa aure. Zan kai mata maganar Malama, kuma ranar biya ni zan raka ta.