Ɗana ya daina jin tsoron bulala, ya zan yi da shi?

Maman Khalil, Agege, Legas:
Salam 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Yarona shekararsa 8, kullum da safe sai mun yi daru kafin ya shirya, ni kuma ƙarfe 6 nake son mu fita in sauke shi makaranta in kama danfo, wato bas ɗin haya, zuwa Mile 12 kafin gosulo ya haɗu. Na yi dukan har na gaji, yanzu ko kuka ba ya yi sai dai ya tsaya yana kallona, wallahi abin na damuna.

Maman Ummi, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa ajiye bulalar nan tukuna. Ki riƙa ba shi zaɓi biyu, wanda duk ya ɗauka ke dama kin yarda da shi, kamar "wanka za ka fara ko shan shayi?" Kar ki ce "za ka yi wanka?" don amsar a'a ce. Sannan tun da daddare ki faɗa masa, duk mintin da ya cinye miki da safe daga lokacin ƙwallonsa na yamma za a cire. In ya makara ki cire ɗin, ba ihu ba zagi, ko ya yi birgima kar ki janye, nan ne mu iyaye mata muke faɗuwa saboda tausayi. Tawa sai da muka yi sati biyu kafin ta gane da gaske nake.

Baban Sadiq, Obalende:
Na yarda da Hajiya, amma fa ba komai ake ba yaro zaɓi ba. Sallah, islamiyya, riƙe hannu wajen tsallaka titi a garin nan, waɗannan ba shawara. Ko hadisin sallah ma cewa aka yi a umarce su suna da shekara 7, maganar duka sai 10, kin ga shekara uku cur na koyarwa kenan. Tambaya ɗaya Maman Khalil, ƙarfe nawa yake kwanciya? Yaro kamarsa yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12.

Maman Khalil:
Kai Baban Sadiq ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, sai 11 yake barci yana jiran babansa ya dawo daga kasuwar Alaba Rago. Zan gyara wannan insha Allah. To Maman Ummi in ya ƙi ɗaukar ko ɗaya fa?

Maman Ummi:
Sai ki ce masa a hankali "in ba ka zaɓa ba ni zan zaɓa maka", ki ɗan jira kaɗan, in ya yi shiru ki kama hannunsa ku nufi banɗaki.