Wai hasashen 'yan meteyo abin dogaro ne kuwa?

Ɗan Mirya:
Assalamu alaikum jama'a, tambaya gare ni ga waɗanda suka san kan abin. Ni ina nan Damagaram ina ɗan bugabugata a kasuwar Dole amma gonarmu tana ƙauye can bayan Mirya, tsoho ke kula da ita ni nake aika kuɗin iri. Bara na ji a radiyo an ce damina za ta yi kyau ruwa zai wuce na kullum, sai na kira shi na ce Baba da ruwan farko a shuka kawai. Aka shuka, hatsi ya tsiro har ya yi ganye uku, daga nan sama ta ɗauke kwana 18 cur, iska mai rairayi ta zo ta rufe ɗan abin da ya rage. Tiya 6 ta tafi a banza sai da aka sake shuka. Yanzu in na ce mashi meteyo, wato masu hasashen yanayi, sun ce, dariya yake yi ya ce shi shamuwa yake jira. To bana da wane baki zan yi mashi magana?

Malam na Birni:
Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya rabin sanarwar ka ji. Wannan hasashen na damina a Afrilu ake fitar da shi, ƙwararrun cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai su zauna da ma'aikatun meteyo na ƙasashen Sahel, kuma abin da suke faɗi jimillar ruwan damina ne a yanki mai faɗi, ba su ce ga abin da zai sauka a gonar Baba ranar kaza ba. A ciki har da batun ko damina za ta sauka da wuri ko a makare, da tsawon kwanakin da ruwa zai iya ɗaukewa bayan shuka, sai dai kafin labari ya iso kunnenmu ya koma "bana akwai ruwa" shi ke nan.

Ka san ruwanmu iskar da ke tasowa daga tekun Atlantika ce ke kawo danshinsa, tana tura busasshiyar iskar hamada arewa a hankali, shi ya sa Magarya da Matamaye ke riga Tanut shuka. A watan Yuni ba ta gama zama ba, tana gaba tana baya, sai ka ga hadari ya taso daga gabas ya zubar a wani gari, garin da ke kusa ko yayyafi bai samu ba. Abin da malaman gona ke cewa a jira ruwan da ya kai milimita 20, in babu abin awo ka tona da hannu ka ga ina laima ta tsaya. Mu ruwan duk shekararmu galibi ba ya wuce milimita ɗari huɗu da wani abu, kuma Agusta ke kwashe kaso mafi tsoka.

Maman Hadiza, Garin Malam:
Ku kuna ta gona, mu nan cikin gari tsoron rufi muke. 2024 ai ba mu manta ba, a farkon Satumba tsohon masallacin Birni wanda aka gina tun ƙarni na 19 ya rushe muna ji muna gani. Ɗakin ƙasa na maƙwabciyata cikin dare ya zauna, Allah ya sa ta ji sanarwar ruwa mai ƙarfi da yamma ta kwashe yara zuwa gidan yayarta, da safe sai kwanoni da tabarma aka tono daga laka. Ni tun ranar ba na wasa da sanarwar kwana ɗaya ko biyu, ita ta fi faɗa daidai. Da za mu daina cika kanibo, wato magudanar ruwa, da leda ma da sauƙi.

Baba Damargu:
Ɗana kar ka raina shamuwar tsohonka, ita ma damina take biyowa daga kudu. Mun ga farin 1973 mun ga na 1984, lokacin ruwan ne ya yi ƙaranci ƙwarai. Na yanzu kuwa ya dawo amma ba shi da tsari, na wata guda sai ya zuba a dare ɗaya ya yi zaizaya ya wuce. Mu nan ba ma zuba iri duka a shuka ɗaya, rabi binne rabi a rumbu. Kuma ku na kudu Allah ya ba ku gawo, ku bar shi a gona, inda ake sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a gona, iska ba ta cin tsiro kamar fili fetal.

Ɗan Mirya:
Na gode ƙwarai. Malam ashe laifin kunnena ne hhh. Na samu mai sayar da irin hatsi na HKP mai saurin nuna, zan aika tiya 3 a ajiye gefe, sauran ya shuka nashi na gado duk ranar da ya ga dama. Wa ya san inda ake samun ɗan gwangwanin awon ruwan nan na manoma a cikin gari, kuma nawa ne?