Kofi ɗaya na busasshen mishmish giram nawa ne?

Maman Hanifa, Runjin Sambo:
Assalamu alaikum. Surukata ta dawo daga Umara da tsarabar busasshen mishmish, wanda wasu ke kira afirkot, leda ɗaya mai giram 500. Ina son in saka shi a kek ɗin walimar saukar ƙanena, amma bayanin haɗin da na samu ya ce a zuba kofi ɗaya da rabi, ni kuwa da sikeli na saba auna komai, tun daga fulawa har sukari. Giram nawa ke cikin kofi ɗaya, kuma ledar nan za ta ishe ni kwaɓi biyu?

Hajiya Asabe, Gawon Nama:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kofi ɗaya na busasshen mishmish, idan an zuba shi haka nan ba tare da dannawa ba, yana kai kimanin giram 130, saboda haka kofi ɗaya da rabi ya kama giram 195, ki ɗauke shi a 200. Kwaɓi biyu zai ci giram 400, ki ga ke nan za ki rage na taunawar yara. Sai dai ki lura cewa mishmish ba ya kwanciya a kofi yadda gero yake kwanciya a tiya. Akwai sarari tsakanin 'ya'yan, kuma da zarar an yayyanka su ƙanana aka danna da cokali, kofin zai ɗauki fiye da haka sosai. Shi ya sa mutum biyu za su auna kofi ɗaya, sikeli ya ba su lamba biyu.

Malam Bello, Mabera:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma a tantance wane kofi ake nufi. Na Amurka, wanda wancan lissafi ya dogara a kai, mililita 237 ne, na Ostareliya kuwa 250. Gwangwanin madara da muke awo da shi a gida bai kai ko ɗaya daga cikinsu ba, don haka kada a mayar da shi kofi.

Malama Rabi, Arkilla:
Maman Hanifa, ni abin da zan ƙara shi ne batun danshi, domin nan ne yanayin Sakkwato yake shiga lissafin. Mishmish mai taushi irin na Turkiyya, wanda mafi yawansa daga yankin Malatya yake fitowa, yana riƙe da ɗan ruwa a jikinsa. Idan aka buɗe leda aka bar shi a iskar hunturu ko zafin bazara, yakan ƙandare ya rage nauyi, sannan a cikin kek ya riƙa zuƙe ruwan kwaɓin. Idan naki ya yi tauri, ki auna giram 200 ɗinki tukuna, sannan ki jiƙa shi a ruwan ɗumi na kamar minti 15, ki tsane shi sosai kafin ki yanka. Wanda ya jiƙa kafin ya auna, ruwa ya auna, ba mishmish ba. Launinsa kuma kada ya ruɗe ki: mai ruwan lemo an turara shi da hayaƙin farar wuta ne don kada ya yi duhu, mai launin dabino kuwa ba a yi masa haka ba, kuma lissafin Hajiya zai yi miki aiki a kan kowannensu.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Nawa mai ruwan lemo ne kuma bai ƙandare ba tukuna, don haka zan auna giram 400 yau in ɗaure bakin ledar.